Ina mRNA yake zama a cikin ƙwayar halitta?

Kun tuna 2021, lokacin allurar korona? Daga Zuru har Birnin Kebbi, magana ɗaya ke yawo a WhatsApp: wai allurar za ta sauya wa mutum DNA. Ni dai ban ga laifin masu tsoro ba. Duk wanda ya san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan na Pfizer a Kano a 1996 ba zai miƙa hannu ido rufe ba. Amma fa tambayar tana da amsa, kuma amsar ta girmi korona da kusan shekara 60.

A 1961 ne Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwar mRNA. A jikinmu, DNA yana zaune ne a ɗakin tsakiyar ƙwayar halitta, nukiliyas, kamar sarki a fada: ba ya fita. Furotin kuwa a waje ake ƙera shi, cikin ruwan ƙwayar. To wa ke kai umarni? Shi ne mRNA. A ɗakin ake kwafo shi, ya fice ta wasu ƙananan ƙofofi, raibozom su karanta, daga baya a narkar da shi.

Abin da ya fi burge ni ya zo daga baya. Ashe ɗan aiken nan ba gararamba yake yi ba, da adireshinsa! A 1986 Jeanne Lawrence da Robert Singer suka nuna mRNA na furotin aktin yana taruwa a gefen da ƙwayar ke dosa in tana tafiya. A 1988 aka ga wani mRNA mai suna bicoid jibge a goshin ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, kuma daidai nan kan tsutsar ke fitowa.

Mu dawo kan allura. AstraZeneca da ta fara zuwa Najeriya a Maris 2021 ma ba ta mRNA ba ce. Moderna ce irin wannan, Amurka ta aiko da wajen miliyan 4 a Agusta. Saƙonta yana zuwa ne cikin ɗan ƙunshin kitse, ya sauka a ruwan ƙwayar inda raibozom suke. Ba shi da takardar shiga fada, balle ya taɓa DNA. A nan waje ake karanta shi, a nan kuma jiki ke wargaza shi.