Tarihin Binciken Ciwon Suga a Kamaru da Matsayin Unguwar New Bell

Binciken ciwon suga a Kamaru bai daɗe da tsayawa da ƙafafunsa ba, domin sai a shekarun 1990 aka fara ƙidayar masu cutar ta hanyar kimiyya. Tun daga lokacin ya ratsa matakai uku: ƙidayar marasa lafiya, sauraron abin da suke faɗa game da jinyarsu, da gano cewa cutar kanta tana da wasu siffofi a Afirka da ba su dace da abin da littattafan Turai suka bayyana ba. A kowane mataki, wanda ya ba da kuɗin binciken shi ne ya fi ƙarfin faɗa a ji wajen zaɓen tambayar da za a yi. Birnin Duwala, musamman unguwar New Bell inda Hausawa suka daɗe da zama, yana nuna yadda abin ya gudana.

Ita kanta New Bell da hujjar kiwon lafiya aka kafa ta. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da ke bakin kogin Wouri, suna cewa dole a raba mazaunin Turawa da na baƙar fata saboda zazzaɓin cizon sauro, har suka tsara a bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Mafi yawan 'yan ƙasar ba su zauna a sabon wurin da aka ware musu ba, sai ya zama unguwar baƙi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Bassa, da mutanen Najeriya da sauran ƙasashen yamma. A nan Unguwar Hausawa da masallatanta suka kafu, kusa da manyan kasuwannin birnin.

A zamanin Faransawa, likitancin gwamnati ya karkata ga cututtukan da ke rage ma'aikata da masu biyan haraji. Dokta Eugène Jamot ya shahara da yaƙi da ciwon barci daga garin Ayos a shekarun 1920, da ayarin ma'aikata masu bin ƙauyuka suna gwaji. A Duwala an buɗe asibitin 'yan ƙasa a 1931, wanda daga baya aka sa masa sunan Laquintinie, likitan soja da ya rasu a 1941. Ciwon suga bai shiga lissafi ba. An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, amma likitocin mulkin mallaka sun ɗauka cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Babu mai neman ta, babu kayan gwaji a ƙananan asibitoci, kuma yaron da ya kamu da irin mai buƙatar allura yakan mutu kafin a san abin da ke damunsa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, an kafa makarantar koyon likitanci ta CUSS a Yawunde a 1969, wadda ta fara yaye likitocin ƙasar. Sai dai tattalin arziki ya durƙushe daga tsakiyar shekarun 1980, aka rage albashin ma'aikata a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Duk maganin da ake shigowa da shi daga waje, har da insulin, ya yi tsada, kuma kuɗin bincike na cikin gida ya kusa ƙafewa. Tallafin waje kuwa ya fi tafiya ga maleriya, tarin fuka da ƙanjamau.

A cikin wannan hali ne Farfesa Jean Claude Mbanya da abokan aikinsa suka yi ƙidaya ta farko mai tsari a 1994, a unguwar Cité Verte ta Yawunde da ƙauyukan Evodoula. Aikin wani sashe ne na bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, wanda ya kwatanta mutane masu asalin Afirka a Kamaru, Jamaika da birnin Manchester na Ingila. Sakamakon da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa masu ciwon suga ba su kai kashi 2 cikin 100 na manya ba, a birni da ƙauye.

Shekaru tara bayan haka lamarin ya sauya. A 2003 aka gudanar da babban bincike mai suna CamBoD da tallafin Gidauniyar Ciwon Suga ta Duniya, wadda kamfanin Novo Nordisk na Denmark ya kafa a 2002. An gwada mutum fiye da 10,000 a birane huɗu: Yawunde, Duwala, Bamenda da Garwa. A Duwala gundumar Cité des Palmiers aka zaɓa, ba New Bell ba. An samu cutar a wajen kashi 6 cikin 100 na manyan birni, akasarinsu ba su ma san suna ɗauke da ita ba, kuma kusan rabin matan da aka auna nauyinsu ya wuce kima. Dalilan a bayyane suke ga mazaunin New Bell: babur ɗin haya da ake kira bensikin ya maye gurbin tafiyar ƙasa, ɗan kasuwa yana yini zaune a rumfa, karin kumallo ya zama fanke da wake da koko mai zaƙi, shayi da lemon kwalba sun zama abin tarbar baƙo. Tambayoyin da aka yi wa jama'a a ƙarƙashin shirin sun kuma nuna cewa mutane da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali, rama kuwa alamar talauci ko wata muguwar cuta.

Daga nan bincike ya fara juyowa ga marar lafiya. Paschal Awah, masanin halayyar al'umma, ya zauna da masu cutar a Bafut da Yawunde, ya wallafa sakamakonsa a 2008. Ya gano cewa likita yana maganar rage kaifin cuta har ƙarshen rayuwa, shi kuwa marar lafiya waraka yake nema gaba ɗaya, don haka yakan haɗa asibiti da mai maganin gargajiya, ko ya bar ƙwayoyi da zarar ya ji sauƙi. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a unguwannin Hausawa, inda sassaƙe, rubutun sha da garin magani ke tafiya tare da katin asibiti. André Pascal Kengne da abokansa kuma sun gwada miƙa kula da masu suga da hawan jini ga ma'aikatan jinya a ƙananan asibitoci, suka nuna cewa sugan jini yana sauka ko da babu ƙwararren likita, muddin akwai horo da tsari a rubuce.

A Duwala, Babban Asibitin birnin, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1980, ya zama cibiyar nazarin illolin cutar. Likitoci irin su Siméon Pierre Choukem, Anastase Dzudie da Marie Patrice Halle sun yi rubuce-rubuce kan haɗuwar suga da hawan jini, ciwon zuciya da mutuwar ƙoda, inda suga ke cikin manyan dalilan da ke kai mutum ga wankin ƙoda. Gwamnati ta daɗe tana tallafa wa wankin, marar lafiya yana biyan sefa 5,000 a kowane zama, kafin shirin inshorar lafiya na 2023 ya mayar da shi sefa 15,000 a shekara. Gwajin suga na yau da kullum da tsinken auna jini a gida kuwa galibi daga aljihun iyali suke fitowa.

Mataki na uku ya taɓa asalin cutar. Eugène Sobngwi ya yi nazarin wani nau'i da ke kama manya 'yan Afirka da tsanani kamar mai buƙatar allura har abada, amma bayan 'yan watanni mutum ya iya barin insulin ya koma ƙwayoyi. Shirin ba yara insulin kyauta da Novo Nordisk ya ƙaddamar a 2009, wanda Kamaru ke cikin ƙasashensa na farko, ya sa yara da yawa suka rayu har aka iya bin lafiyarsu shekara da shekaru. A 2025 Jean Claude Katte da abokan aikinsa na Yawunde da jami'ar Exeter suka wallafa binciken matasa kusan 900 daga Kamaru, Uganda da Afirka ta Kudu, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka ce suna da nau'i na ɗaya, wato irin mai buƙatar allura, ba su da alamomin garkuwar jiki da ake samu a jinin takwarorinsu Turawa.

Akwai tambayar da ta shafi Musulmin New Bell kai tsaye, wato azumi. Babban binciken EPIDIAR da aka wallafa a 2004 ya tattara bayanan mutum fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu na ciwon suga sun azumci aƙalla kwana 15 na Ramadan. Babu ko ƙasa ɗaya ta kudu da Sahara a cikinsu. Shawarwarin da aka gina a kan irin wannan bincike ba a auna su da kunu, ƙosai da tuwon buɗa-baki ba, balle zafi da gumin Duwala.

Tun 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar kowace ƙasa ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiyarta ga bincike, aka sake jaddada hakan a taron Bamako na 2008. Kamaru ta samar da masana da duniya ta yarda da su, har Mbanya ya shugabanci Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya daga 2009, amma manyan binciken da aka ambata da kuɗin Turai aka yi su. Muddin haka ta ci gaba, tambayoyin mai jinya a New Bell, game da azumi, abincin gida, maganin gargajiya da kuɗin tsinken gwaji, za su jira sai wani mai tallafi na waje ya ga dacewar a yi su.