Daga Gudummawa zuwa Inshora: Tarihin Ɗaukar Nauyin Jinyar Ciwon Daji a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ta daɗe da sanin cutar da Hausawa ke kira daji ko sankara, tun kafin asibitin zamani ya iso yankin. Masu magani sun sauya, wuraren neman maganin ma sun yi ta ƙara nisa daga gida, amma wanda ke biyan kuɗin jinya bai sauya sosai ba, domin har yanzu dangi da gona da dabbobin turke su ne madogarar mafi yawan majinyata. Inshorar lafiya, wato tsarin da mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya don a biya wa wanda ciwo ya kama daga cikinsu, baƙuwa ce a wannan tarihi, kuma ba za a gane matsayinta ba sai an duba abin da ta tarar.

An kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750 a hannun Mangawa, ta kuma daɗe tana bin Barno, sannan ta shiga ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila a 1903 a cikin Lardin Kano. A wancan zamani kalmar daji ba ta tsaya ga abin da likitoci ke nufi da ita a yau ba, wato ƙwayoyin halittar jiki da ke hayayyafa ba ƙaidi har su mamaye wasu gaɓoɓi. Duk kumburin da ya ƙi nuna, da gyambon da ke cin nama ya ƙi warkewa, ana iya kiransa daji, kuma sunan kansa yana nuni da imanin da aka yi cewa ciwon daga dawa ya fito, inda iskoki suke. Saboda haka maganinsa ya rarrabu tsakanin malami mai rubutu da tofi, da boka mai saiwa da sassaƙe, da wanzami mai ƙaho da tsaga. Idan kumburi ya taurare akan yi masa sakiya, wato a sa ƙarfe a wuta har ya yi ja a huda wurin don ruwan ciki ya fita, dabarar da takan yi amfani ga maruru amma ta tsananta ciwon daji na haƙiƙa.

Abin lura a wannan tsari shi ne yadda ake biya. Malami yakan karɓi kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake miƙawa kafin a soma aiki, sai kuma sadaka ko tukuici idan an sami sauƙi, shi ma boka yakan jira babban ladansa har majinyaci ya miƙe, kuma ana iya biyansa da damin gero ko akuya ko zakara. Sauran nauyin yana kan gandu, wato gidan da uba da ’ya’yansa da ƙannensa ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya. Idan magidanci ya kwanta da damina, maƙwabta sukan yi gayya su nome masa gona. Masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu rabbana. Mata kuma suna da biki da adashi, inda abin da mace ta kai wa ’yar’uwarta yau yake zama bashin zumunci da za a maido mata gobe. Zakkar hatsi da ta dabbobi ita ce ke riskar wanda ba shi da kowa. Wannan gudummawa ta wadatar ne saboda ana jinyar a gida, kuma abin da take ci bai wuce abinci da lokaci ba.

Zuwan jirgin ƙasa ya buɗe sabon babi. Layin dogo da aka ja daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, kuma a gefen tashar da aka yi ne garin Gagarawa Tasha ya bunƙasa a matsayin wurin awon gyaɗa da lodinta zuwa Kano. Gyaɗa ta sa tsabar kuɗi a hannun manomi, jirgi kuma ya kusanto da Asibitin Birni na Kano, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1920, yanzu ake kiransa Asibitin Murtala. Sai dai gyaɗar tana da wata alaƙa da cutar da ba a gano ba sai daga baya. A 1960 talotalo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, binciken da ya biyo baya kuma ya gano gubar afalatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. An tabbatar cewa wannan guba, musamman idan ta haɗu da ciwon hanta nau’in B, tana cikin manyan musabbaban dajin hanta, kamar yadda tsargiya, wato fitsarin jinin da ake ɗauka a kududdufi da fadama, take da alaƙa da dajin mafitsara.

Bayan samun ’yancin kai ilimin cutar ya ƙaru a Nijeriya. An buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan a 1960, sannan asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya zama babbar cibiyar da Arewa ke dogaro da ita, musamman wajen gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi daga na’ura. A shekarun arzikin man fetur majinyaci yakan sami kati da gado da magani a asibitin gwamnati kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Wannan ya gushe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, magunguna suka yi tsada, aka kuma rungumi shirin Bamako na 1987, wanda ya tanadi sayar da magani a asibiti don a juya kuɗin a sayo wani. A yau, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama’a yake fita kai tsaye.

Tafarkin da majinyaci daga Gagarawa Tasha ke bi a yau yana nuna inda tsohuwar gudummawa ke gazawa. Matar da ta ji ƙullutu a mama takan fara da kemis ko mai maganin gargajiya, sau da yawa cikin ɓoyo saboda kunya da tsoron a yanke mata nono, sai ciwo ya ci ƙarfinta a kai ta babban asibitin Gumel, daga nan a ba ta takardar turawa zuwa Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A can za a yanki ’yar tsoka a kai ɗakin gwaji, a jira sakamako, sannan a tsara tiyata da ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo, wanda galibi ake maimaitawa duk bayan mako uku har zagaye shida ko takwas, idan kuma ana bukatar gashi sai a nufi Zariya ko Abuja. Kowace tafiya tana cin kuɗin mota na mutum biyu, da abinci, da wurin kwanan mai jinya. Iyali sukan fara da sayar da riɗin da aka ajiye, sai a kora rago ko sa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda dillali ke gane mai sayarwa don dole tun daga yanayin tsayuwarsa, daga ƙarshe a jinginar da gona. Da yawa sukan tsaya a zagaye na biyu ko na uku, a ce an koma gida a ci gaba da na Hausa, alhali kuɗi ne suka ƙare.

Tunanin inshorar lafiya ya girmi aiwatar da ita da shekaru fiye da 40. Dokta Moses Majekodunmi, ministan lafiya na Jamhuriya ta Farko, ya gabatar da ƙudurinta a majalisa a 1962 amma bai sami shiga ba. Sai a 1999 aka kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, aka ƙaddamar da shi a 2005, kuma da yake an gina shi ne a kan yankar wani kaso daga albashi, ma’aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, manomi da makiyayi da ’yar kasuwa kuwa suka kasance a waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, sannan dokar 2022 ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta kafa tata hukumar mai suna JICHMA. Jihohin Arewa da dama sun fi son kiran tsarin da taimakekeniya, saboda wasu malamai suna da ja a kan inshorar kasuwanci bisa dalilin garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, yayin da zuba kuɗi don taimakon juna yake daidai da abin da jama’a suka gada.

Duk da haka, katin inshora ya fi amfani ga zazzaɓi da awon ciki da haihuwa da ƙananan tiyata, domin tsadar maganin daji ta sa tsare-tsaren ba sa ɗaukar cikakken nauyinsa, kuma babu wanda ke biyan kuɗin mota da na zaman jinya. Wannan giɓi ne ya sa gwamnatin tarayya ta soma Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji a 2021 don marasa galihu masu dajin mama ko na bakin mahaifa ko na ’yar mafitsarar maza, a asibitoci shida da suka haɗa da na Zariya da na Gombe, inda sai an tabbatar da cutar an kuma tantance halin majinyaci kafin a sa masa kuɗin magani. A ɓangaren rigakafi kuma, Jigawa tana cikin jihohin farko da aka fara yi wa ’yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa a watan Oktoba na 2023.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne inshora ba ta kawar da gudummawa a ƙasar Gumel ba, ta zo ne ta tarar da ita tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta. Gayya da adashi da zakka an gina su ne don jinyar gida, ciwon daji kuwa a yau jinyar birni ce mai cin watanni. Muddin rajistar taimakekeniya ba ta kai ga manomin riɗi da matar aure a ƙauye ba, kuma ba a kusanto da gwaji zuwa Gumel yadda za a gano cutar tun tana ƙarama ba, kasuwar Maigatari ce za ta ci gaba da zama asusun jinyar talakan yankin.