Akiyoloji: Ba Tsufan Kaya Ba Ne, Ba Kuma Tono Ba Ne

Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan inda akiyoloji ya dosa. A 1962 Lewis Binford ya kafe cewa reshe ne na ilimin nazarin ɗan Adam. A 1968 David Clarke ya nemi a bar shi ya ci gashin kansa. Masana tarihi kuwa sukan ɗauke shi ɗan aike, sai inda rubutu ya ƙare a tura shi.

Ma'anar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce tono tsofaffin kaya, kuma ta gaza ta fuska biyu. Tsufa dai ba sharaɗi ba ne. A 1973 William Rathje ya sa ɗalibansa tantance sharar gidaje a birnin Tucson na Amurka, suka gano cewa giyar da mutane ke sha ta zarce abin da suke faɗa wa masu tambaya. Shara ce ta jiya, amma aikin akiyoloji ne tsantsa.

Tono ma bai isa ba. Makiyayin da ya ci karo da kwalekwalen Dufuna a Yobe a 1987 rijiya yake haƙawa. Itacen bai zama hujja ba sai da masu bincike daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka bi shimfiɗar ƙasar da ta rufe shi, aka auna shekarunsa kusan 8,000.

A ganina, akiyoloji shi ne gano yadda mutane suka rayu daga abin da suka bari, gwargwadon inda aka same shi da abin da ke kwance kusa da shi. Mutum-mutumin Nok da ɓarayi suka tono aka sayar a Turai ya tashi daga shaida ya koma kayan ado. Wanda aka haƙo a tsanake kuwa, a binciken da Peter Breunig ya jagoranta daga 2005, an same shi a farfashe cikin rami, ga ƙonannun ƙwayoyin gero a matsugunin, har aka san abin da masu shi ke nomawa.

Sai dai gargaɗin masanin akiyoloji Ian Hodder yana nan: kasko ba ya magana da kansa. Me ya sa aka farfasa gumakan kafin a binne su? Ramin ya nuna an yi, dalilin kuwa fassarar mai bincike ce, kuma wani na iya kawo tasa.