Jazira: yankin auduga na Sudan

Jazira yanki ne da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Khartoum. A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sennar, suka mai da yankin makekiyar gonar auduga don masaƙun ƙasarsu. Larabawan yankin ne suka samu yawancin filayen haya. Tsintar audugar kuwa ta faɗa kan mutanen Darfur, da kuma Hausawa da Fulani waɗanda ake yi wa kuɗin goro da sunan Fallata. Da yawansu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta bar wasunsu ba takarda. Har yau jikokinsu da dama na zaune a kambo, wato sansanin lebura a gefen gona, ba su da filin kansu.