EERN: Me Mabiya Ikilisiyar Bishara ta Nijar Suka Gaskata?



Duk wanda ya taso a yankin nan ya san da zaman 'yan mishan. Wani ya saba jin waƙarsu ranar Lahadi, wani ya taɓa kai majinyaci Danja ko Galmi, wani kuwa cikin danginsa suke. Amma in aka ce mutum ya faɗi abin da suka gaskata, sai a faɗa ji-ta-ji-ta: wai alloli uku gare su, wai gumaka suke bauta wa, wai da shiga ruwa aikin ya ƙare. Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka muka tattaro aƙidar babbar ikilisiyarsu, EERN, yadda su da kansu suke koyar da ita, tare da nuna inda ta haɗu da abin da maƙwabtansu Musulmi suka sani, da inda ta rabu.

Daga ina ta fito?

Tushenta wata ƙungiyar mishan ce mai suna SIM. A shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham ne ya rayu ya ci gaba da aikin. A 1924 SIM ta shigo Nijar ta Damagaram, 'yan shekaru bayan haka ta kafa sansani a Tsibirin Gobir, wanda yau ke cikin gundumar Gidan Runji. Daga nan aikin ya bazu: asibitin Galmi a 1950, wurin jinyar kuturta na Danja cikin shekarun 1950, makarantar noma ta Maza Tsaye kusa da Maradi, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Agye, inda ake horar da fastoci da masu bishara da harshen Hausa.

Lokacin samun 'yancin ƙasa, 'yan ƙasa suka karɓi ragamar majami'un, aka kafa EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. 'Yar uwarta a Najeriya ita ce ECWA, wadda aka kafa a 1954, uwarsu ɗaya. Shi ya sa ɗan Cadawa da ya je ci-rani Kano ko Katsina, in ya shiga majami'ar ECWA ba ya jin baƙunta. Daga baya saɓanin shugabanci ya sa wasu suka ware suka kafa UEEPN da Salama, amma a wajen manyan ginshiƙan aƙida bakinsu ɗaya. Kiristoci gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kuma jahar Maradi na cikin wuraren da suka fi daɗewa.

Littafi shi ne alƙali

Ginshiƙi na farko shi ne Littafi Mai Tsarki. Sun gaskata cewa maganar Allah ce, mutane suka rubuta ta bisa hurarwar Ruhu Mai Tsarki, babu kuskure cikinta yadda aka fara rubuta ta. Littattafai 66 ne a haɗe: 39 na Tsohon Alkawari, inda Attaura da Zabura da littattafan annabawa suke, sai 27 na Sabon Alkawari, wanda ya fara da Linjila huɗu, ta Matiyu, Markus, Luka da Yahaya.

Abin da ya sa ake ce da su masu riƙon aƙida da ƙarfi shi ne wannan: a wurinsu maganar fasto, ko al'adar kakanni, ko mafarkin wani, duk sai an auna su da Littafi. In sun saɓa, Littafi ke da gaskiya. Wannan ra'ayi ya samo asali tun gyaran da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517. To, tunda kowane mai bi ana son ya karanta da idonsa, dole a koya masa karatu da harshensa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aka sake fassara shi a 1979. Dalili ke nan da ya sa a ƙauyuka da dama za ka tarar da tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma tana karanta Hausar boko tiryan-tiryan: a majami'a ta koya.

Allah ɗaya ko uku?

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. In ka tambayi ɗan EERN, zai ce maka Allah ɗaya ne, Mahaliccin sama da ƙasa, kuma da sunan Allah ɗin yake kiransa cikin addu'a da cikin Littafinsa na Hausa. Sai dai suna koyar da cewa wannan Allah ɗaya ya kasance tun fil'azal a matsayin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shi suke kira Triniti. Maryamu ba ta cikin ukun nan. Kalmar Ɗan Allah kuma, a bayaninsu, ba ta nufin aure ko haihuwa irin ta mutane. Tana nufin Yesu zatinsu ɗaya da Uba. Tun babban taron Nikiya na shekarar 325 Kiristoci suka rubuta wannan a matsayin aƙida.

Game da Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ɓangarorin biyu sun yarda cewa budurwa Maryamu ce ta haife shi ba tare da uba ba, ya yi mu'ujizai, kuma zai dawo. Daga nan hanya ta rabu. Musulunci ya koyar da cewa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. EERN kuwa ta ce shi cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, an gicciye shi ya mutu, ya tashi da jikinsa a rana ta uku, ya hau sama. Wannan bambanci babba ne, kuma masana na kowane ɓangare ba sa ɓoye shi.

Zunubi da ceto: zuciyar maganar

In mutum ya gane wannan sashe, ya gane sauran. Suna koyar da cewa tun da Adamu da Hawwa'u suka saɓa, kowane ɗan Adam da halin zunubi ake haifarsa, kamar yadda iri mai cuta ke ba da amfani mai cuta. Don haka, a ganinsu, sadaka, azumi da kyakkyawan hali ba su isa su biya bashin ba, komai yawansu. Yesu ne ya biya da mutuwarsa a madadin mutane. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, an gafarta masa kyauta. Wannan kyauta ita suke kira alheri, sauyin zuciyar da ke biyo baya kuma sabuwar haihuwa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, bangaskiya ba gado ba ce. Ɗan fasto ma, in bai yanke shawara da kansa ba, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka sami ceto. Shi ya sa suka fi son kiran kansu masu bi. Na biyu, aikin kirki yana zuwa ne bayan ceto, a matsayin shaida da godiya. Asibiti, makaranta da aikin gona duk a nan suke ajiye su. Manoman Agye da Gazawa sun san sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake tohowa cikin gona a riƙa gyara shi. Wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a jahar Maradi daga 1983, yau kuma Musulmi da Kirista kowa na cin moriyarta.

Daga wannan aƙida ce kuma wa'azinsu ya fito. Tunda sun gaskata babu ceto sai ta wurin Yesu, suna ɗaukar sanar da bishara a matsayin wajibi a kan kowane mai bi. Su da kansu suna koyar da cewa tuban dole ko na kwaɗayin abin duniya ba tuba ba ne.

Baftisma da Jibin Ubangiji

Farillai biyu suke kiyayewa. Baftisma ana yi wa wanda ya yi hankali, ya bi darussa, ya furta bangaskiyarsa a gaban jama'a. Sai fasto ya nutsar da shi cikin ruwa ya ɗago shi. Ruwan ba ya wanke zunubi a koyarwarsu, alama ce ta mutuwa ga tsohuwar rayuwa da tashi cikin sabuwa. Jariri kuwa addu'a ake yi masa, a raɗa suna, a miƙa shi ga Allah.

Jibin Ubangiji shi ne ɗan gutsuren burodi da ɗan abin sha da waɗanda aka yi wa baftisma ke ci tare, don tunawa da mutuwar Yesu. A wurinsu burodin yana nan burodi, tuni ne kawai.

Shaiɗan, iskoki da ranar ƙarshe

Sun yarda akwai mala'iku, akwai Shaiɗan da aljanu, kuma suna aiki. Maganinsu, in ji su, addu'a da sunan Yesu. Saboda haka an hana mai bi zuwa wurin boka ko 'yan bori, ɗaura laya ko guru, duba, da yanka wa iskoki. Shan magani na asibiti ko saiwar itace da ba a haɗa da tsafi ba, wannan babu laifi.

Sun gaskata Yesu zai dawo a bayyane, matattu za su tashi, a yi shari'a. Masu bi su shiga rai madawwami, waɗanda suka ƙi su shiga hukunci madawwami. Babu wani zango na tsakiya, kuma ba a yi wa mamaci addu'ar neman gafara ko sadakar uku da ta arba'in don a sauƙaƙa masa. Abin da ake yi a jana'izarsu shi ne waƙa, karatu, wa'azi da ta'azantar da masu rai. Dangi Musulmi da suka zo gaisuwa su san da wannan, kada su ɗauka rashin kula ne da mamacin.

A zaman yau da kullum

Aure a wurinsu mace ɗaya ce da namiji ɗaya, har mutuwa. Saki abu ne mai wuya ƙwarai, kuma ana son mai bi ya auri mai bi. Mai mata fiye da ɗaya ba ya zama fasto ko dattijon ikilisiya. Zina da sata haramun ne, giya ma majami'un da suka fito daga SIM sun hana ta. Wanda ya yi laifi a fili, dattawa na sa shi ƙarƙashin horo: a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da riƙon muƙami har sai ya tuba. Ana ba da zakka, kashi 1 cikin 10 na abin da aka samu, manomi kan kawo tasa da damman hatsi bayan kaka. Fasto yana aure yana haihuwa, a ƙauye ma sau da yawa da gonarsa yake ci. Mata na da ƙungiyarsu mai ƙarfi, Zumuntar Mata, matasa ma da tasu. Manyan bukukuwansu biyu ne: Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, da Ista, bikin tashin Yesu, wanda ke faɗowa cikin Maris ko Afrilu.

Ba duka Kirista ne iri ɗaya ba

'Yan Katolika suna bin Paparoma, suna yi wa jarirai baftisma, suna neman roƙon Maryamu da waliyyai, limamansu ba sa aure, Littafinsu kuma littattafai 73 ne. EERN ba ta bin ko ɗaya cikin waɗannan, kuma ba ta sa mutum-mutumi cikin majami'a. A ɗaya gefen akwai majami'un Fentikos, masu ba da ƙarfi ga magana da harsuna da taron warkarwa. 'Yan EERN sun yarda Allah na warkarwa, amma ibadarsu ta fi karkata ga karatu, wa'azi da waƙa, kuma suna ɗari-ɗari da wa'azin da ke yi wa mutane alkawarin dukiya.

Amfanin sanin wannan

Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Jaridar nan ba ta coci ba ce, addinin Kirista ma ba ta ƙyale shi ba wajen izgili. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada 'yan ƙasa ne, ba su zana komai ba. Wanda bai san maƙwabcinsa ba, laifin wani can nesa yake ɗora masa.

A garuruwanmu kuwa rijiya ɗaya ake sha, kasuwa ɗaya ake ci. Da Sallah ana kai wa Kirista nama, da Kirsimeti su ma su aiko da tuwo, da yawansu har Musulmi suke kira ya yi musu yanka don kowa ya ci hankali kwance. Sanin aƙidar wani ba ya nufin yarda da ita. Kowa na nan kan nasa. Mai sauran tambaya ya je ga fasto ko dattawan majami'ar garinsu ya ji daga bakin mai ita, kamar yadda mai tambaya kan Musulunci ke zuwa ga malam. Ku ci gaba da aiko mana da saƙonninku, daga gida da waje. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.