Ajin Malam Brown: Wasan da Aka Kora a Gida, Aka Karɓa a Zango

A daren Juma'a, 30 ga Disamba, 1977, tashar talabijin ta ITV a Birtaniya ta fara nuna wani wasan ban dariya mai suna Mind Your Language, kamar dai Bahaushe ya ce maka iya bakinka. Kamfanin London Weekend Television ne ya shirya shi, Vince Powell ya rubuta, Stuart Allen ya ba da umarni. Bai cika shekara biyu ba aka rufe shi, a watan Disambar 1979, bayan an nuna kashi 29. Yau idan ka tare matashin Bature a Landan ka tambaye shi wannan wasa, da wuya ya san shi. Amma ka shiga Aboabo a Kumasi ko Nima a Akra ka ambaci Malam Brown da ɗalibansa, za ka ga dattijo da furfurarsa ya miƙe yana kwaikwayon Ali Nadim. Ina cikin masu wannan ƙauna, kuma ita ce ta sa na bi tarihin wasan don in gane yadda abin da aka ji kunyarsa a gidansu ya zama ɗan gata a wurinmu.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani matashin malami, Jeremy Brown, ya samu aikin koyar da Turanci a ajin yamma na wata makarantar manya a Landan. Barry Evans ne ya fito a matsayinsa. Shugabar makarantar, Miss Courtney, mace ce mai tsare gida, ba ta aure, kuma kuskure ne babba wani ya kira ta da laƙabin matan aure. Tun ranar farko ta shaida masa cewa ɗaliban nan sun haukata malamin da ya gada. Ɗaliban su goma ne, kowa da ƙasarsa da irin tuntuɓen harshensa. Ali Nadim Musulmi ne ɗan Pakistan, wanda in ya tashi cewa a gafarce shi sai bakinsa ya kuɓuce ya ce a matse shi. Ranjeet Singh ɗan Indiya ne mabiyin addinin Sikh, ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum cikin neman afuwa sau dubu. Jamila matar gida ce, tana zaune da saƙarta, da farko ko gaisuwa ba ta iya ba. Su-Lee tana aiki a ofishin jakadancin Sin, kowace tambaya aka yi mata sai ta zaro jan littafin Shugaba Mao. Taro ɗan Japan ba ya magana sai ya miƙe ya rusuna. Akwai Giovanni kuku ɗan Italiya da abokinsa Max ɗan Girka, akwai Juan ɗan Sifen mai aiki a mashaya, sai Anna 'yar Jamus da Danielle 'yar Faransa, masu aikatau a gidajen Turawa. A gefe kuma ga Sid mai kula da makaranta da Gladys mai shayi, 'yan Landan na asali, waɗanda Turancinsu na unguwa ya fi na baƙin rikita mai sauraro.

Wannan aji hoton Birtaniyar wancan lokaci ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ta buƙaci ma'aikata, mutane suka kwararo daga Indiya da Pakistan da tsibiran Karebiyan da Afirka. Da suka yi yawa sai aka fara tura ƙofa, da dokar shige da fice ta 1962 da ta 1968. A watan Afrilun 1968 ɗan majalisa Enoch Powell, wanda suna kawai ya haɗa shi da marubucin wasanmu, ya yi jawabinsa na Birmingham inda ya yi hasashen bala'i idan baƙi suka ci gaba da shigowa. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda, kusan 28,000 daga cikinsu suka sauka a Birtaniya. A ranar 1 ga Janairu, 1973, ƙasar ta shiga kasuwar tarayyar Turai, abin da ya sauƙaƙa wa irin su Giovanni da Anna zuwa neman aiki. A 1976 aka yi dokar hana wariyar launin fata. Watanni huɗu kafin fara wasan, a Agustan 1977, an gwabza a unguwar Lewisham tsakanin 'yan ƙungiyar National Front masu ƙyamar baƙi da masu adawa da su. A Afrilun 1979 aka sake yin irinta a Southall, inda wani malamin makaranta, Blair Peach, ya rasa ransa. A cikin wannan zafi ne aka riƙa zama a falo ana dariyar yadda Ali ke karya Turanci, har aka ce masu kallo sun kai miliyan 18.

Wani abin da ya ɗaure mini kai da na bi asalin 'yan wasan shi ne, da yawansu ba 'yan ƙasashen da suka wakilta ba ne. Dino Shafeek da ya fito a Ali ɗan Pakistan, haifaffen Daka ne, babban birnin Bangaladash, ƙasar da ta yi yaƙin ɓallewa daga Pakistan a 1971. Albert Moses da ya ɗaura rawanin Ranjeet ɗan Siri Lanka ne. Kevork Malikyan, wato Max na Girka, Ba'armeniye ne da aka haifa a Turkiyya. Ricardo Montez ɗan Jibralta ne, Pik-Sen Lim a Malesiya aka haife ta, Françoise Pascal kuma a tsibirin Murishiyos. Ga masu shirya wasan, baƙo baƙo ne, in dai kamanni sun yi kusa shi ke nan. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a zamanin da ake shafa wa Bature baƙin kwalli a fuska ya fito a matsayin ɗan Indiya, wannan wasa ya ba tarin 'yan wasa baƙi aiki na kullum a gaban miliyoyin mutane. Hanjin jimina ke nan, akwai na ci akwai na zubarwa.

A cikin ɗaliban nan goma babu ɗan Afirka ko ɗaya. Sai dai a kashi na biyu, wani baƙar fata ya shigo ajin, Malam Brown ya ɗauka sabon ɗalibi ne, ya ba shi wurin zama, ya saki baki a gabansa. Ashe sufeton ilimi ne da hukuma ta turo ya duba aikinsa. Wanda ya fito a wannan matsayi namu ne, Christopher Gyearbuor Asante, haifaffen Akra a 1941. A wannan kashin malamin ne ya ji kunya, domin idonsa ya ga baƙar fata sai ya yanke hukuncin cewa ɗan koyo ne. Har yau shi na fi so a cikin duka.

Wanda ya rufe wasan shi ne Michael Grade, babban jami'in shirye-shirye na kamfanin, kuma dalilinsa a fili yake: yana ganin wasan ya ginu ne kan zana kowace al'umma da siffa guda ta raini. Bafaranshiya sai iyayi, ɗan Italiya sai bin mata, Bajamushiya sai zafin hannu, Musulmi da Basikhe sai faɗa. Rigimar Ali da Ranjeet, wadda muke kwasar dariya a kanta, tana da tushe a rabon Indiya da Pakistan na 1947, inda dubban ɗaruruwan mutane suka halaka, musamman a yankin Punjab. Shi kansa Vince Powell yana cikin marubutan Love Thy Neighbour, wani wasan maƙwabta baƙi da farare da aka yi daga 1972 zuwa 1976, wanda ya sha suka saboda zagin launin fata da ke cikinsa. Ba na ganin Grade ya yi azarɓaɓi. Yaron ɗan Pakistan da ke makaranta a Bradford, wanda za a wayi gari ana kwaikwayon maganar mahaifinsa a filin wasa, yana da hujjar ƙin wasan da ni ba ni da ita.

Amma kafin a rufe ƙofa, kaza ta riga ta fice. An sayar da wasan ga tashoshin ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, ya samu karɓuwa a Najeriya da Ghana da Kenya da Indiya da Pakistan da Siri Lanka da Malesiya. Wannan kasuwa ta waje ce ta sa wani kamfani mai zaman kansa ya farfaɗo da shi a tsakiyar shekarun 1980 da ƙarin kashi 13, jimilla 42. Albert Moses na cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Ali bai dawo ba, domin Dino Shafeek ya rasu a 1984, kuma wasu yankunan ITV ne kawai suka nuna sabon zubin. Daga nan ƙasashe suka shiga ɗinka nasu. Amurka ta yi What a Country! a 1986, Indiya ta yi Zabaan Sambhalke a 1993 inda ake koyar da harshen Hindi, Najeriya ta yi Second Chance.

Ni a kaset ɗin bidiyo na fara ganinsa, daga baya a faifai, a ɗakin wani kawuna tela a zangon Kumasi. Mu yara a ƙasa kan tabarma, manya a benci, wanda ya fi jin Turanci yana fassara wa sauran. Abin da nake tunawa sarai shi ne ba mu taɓa jin muna gefen malamin ba. Kujerar ɗalibai muke zaune. Mu ma da safe mun sha bulala a makarantar boko saboda mun yi yaren gida a aji. Mu ma ana yi mana dariya idan harafin p ya koma f a bakinmu, kamar yadda ake yi wa wasu maƙwabtanmu idan r da l suka cakuɗe musu. Duk lokacin da ɗalibi ya ɗauki karin maganar Bature a zahirinta ya mayar wa Malam Brown, sai mu ga ai harshen ne ba shi da kan gado, kalma ɗaya ma'ana uku, rubutu daban furuci daban. Malamin ne ke dafe kai a ƙarshen kowane kashi. Da aka yi jarrabawa a ƙarshen zubin farko dukansu suka faɗi, suka dawo ajin tare, mu kuwa muka yi murna kamar 'yan'uwanmu ne suka dawo daga tafiya.

Zango ma aji ne irin wannan. A layi ɗaya za ka samu Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bafillace da Bayarabe da Bawangare da Kotokoli, kowa da harshen ɗakinsa, Hausa ta haɗa su a waje, kowa na karya ta yadda bakinsa ya iya. Hausar tamu ta Ghana da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, Bakano ya ji sai ya yi dariya. A gidan rediyo, idan na buɗe layin waya, nakan ji Hausa iri biyar cikin sa'a ɗaya, kuma kowa ya isar da saƙonsa. Mun kuma san ɗacin baƙunci. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, gidaje da yawa a zanguna suka watse. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakunkunansu. Mutanen da suka ga wannan, in suka kalli baƙi goma da suke faɗa a aji amma suke haɗa kai da zarar ɗayansu ya shiga matsala, ba sa buƙatar tafinta.

Akwai kuma al'adarmu ta wasan taubasantaka. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, a arewacin Ghana kuma Frafra da Dagaaba, suna tsokanar juna da maganganun da baƙo zai ɗauka gaba ce. Da wannan kunnen muka saurari Ali da Ranjeet. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi: ka faɗa, a mayar maka, kuma babu wanda ke da ikon korar wani daga gari. A Landan ta 1978 alƙalamin yana hannun ɗan gari, kyamara tana hannunsa, takardar izinin zama ma tana hannunsa. A nan ne wasa ɗaya ya zama abu biyu. Dariyar da aka yi a zango ta wanda ya ga kansa a madubi ce, wadda aka yi a wasu falukan Ingila kuwa ta mai leƙen maƙwabci ta kan katanga ce.

Abin da ya biyo baya ya nuna gyaran da ake nema. A 1989 tashar Channel 4, wadda a lokacin Michael Grade ne shugabanta, ta fara nuna Desmond's, labarin wani shagon aski na iyalin 'yan Guyana a unguwar Peckham. Trix Worrell, haifaffen tsibirin Sant Lusiya, shi ya ƙirƙiro shi, aka yi ta nunawa har 1994. A ciki akwai Matthew, ɗan Gambiya da karatunsa ba ya ƙarewa, kullum cikin muhawara da 'yan Karebiyan kan wa ya fi wani asali. Wanda ya fito a Matthew shi ne sufeton nan namu, Gyearbuor Asante. Tsokanar ƙabila tana nan daram, lafazi ma ana wasa da shi, amma yanzu 'yan cikin gida ne ke riƙe da alƙalami. Asante ya koma Ghana, ya rasu a Akra a 2000.

Shi kuwa Barry Evans, wanda ya tashi a gidan marayu, harkar wasa ta juya masa baya bayan Malam Brown. Ya koma tuƙin tasi a yankin Leicestershire, a can aka iske gawarsa a gidansa a Fabrairun 1997, yana da shekara 53. A daidai shekarun da yake ɗaukar fasinja, fuskarsa tana cika ɗakuna daga Kumasi har Kolombo.

Har yanzu ina kallon wasan, yanzu a YouTube, kuma har yanzu yana ba ni dariya. Wasu wuraren nakan wuce su da sauri, musamman yadda ake nuna mata da zagin da ke shiga tsakanin Ali da Ranjeet. Ranar da 'ya'yana za su zauna kallonsa da ni, zan gaya musu labarin Southall da na 1969 tukuna, sannan in sa musu kashi na biyu, su ga ranar da ɗan Akra ya shiga aji ya duba aikin malamin Turanci.