Abin da dokar masu buƙata ta musamman ta tanadar wa masu jinkirin fahimta

A watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018. Kafin nan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin a 2015, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal, mai wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal, yake Kakakin Majalisar Wakilai, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba.

Yawancin mutane suna ɗaukar dokar a matsayin ta makafi da kurame da guragu kaɗai. Sai dai ta haɗa har da masu raunin fahimta, waɗanda lalurarsu ba ta bayyana a jiki, kuma sau da yawa akan yi musu laƙabi da daƙiƙai.

Manyan tanade-tanaden dokar su ne:

Ilimi kyauta har zuwa matakin sakandare, tare da wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi waɗannan yara, su kuma samar da aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da zai kula da karatunsu.

Kula da lafiya kyauta a asibitocin gwamnati ga mai lalurar ƙwaƙwalwa.

Ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga naƙasassu.

Tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna wariya. Kamfani kuwa naira miliyan ɗaya.

A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin sa ido kan aiwatarwa. Wa'adin shekara biyar da aka bayar don gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024.

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, nauyin yana kan makarantun firamare da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato da sassan ilimi na ƙananan hukumomi. Makarantar musamman ta A.A. Raji tana cikin birnin Sakkwato ne, nesa da ƙauyukan kudancin jihar. Saboda haka, ga mafi yawan iyaye a yankin, amfanin dokar ya rataya ne a kan samun malamin da zai gane yaron da ke fama da jinkirin fahimta a ajin garinsu, tun kafin yaron ya gaji ya bar makaranta.